Takalmin Hagu

Zahle, 12 ga Fabrairu, 1995

Ɗana Tanyus,

Gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi. Ƙanƙara ta rufe hanyar Beirut sau biyu a watan nan, gwiwoyina kuwa sun riga rediyo sanin ranar da za ta sauko. Kakarka Imm Mitri, uwar mahaifinka Mitri, tana nan daram, in ban da ciwon sukarin da ke ɗan taɓa ta.

Ranar da kawunka Shafiƙ ya bugo waya daga Sao Paulo ya ce mota ta buge ka a kan babur, ba ka san inda kanka yake ba, babu gidan da aka ɗora tukunya a layinmu na Rasiye. A lissafin dangi ni 'yar ƙanin kakanka ce kawai, amma ni na kama hannunka a aji ɗaya kana rubuta harafi a juye, don haka kukan da na yi ba na dangin nesa ba ne. Yanzu da muka ji an sallame ka daga asibiti, ban san da wane baki zan gode wa Allah ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ranar nan kakarka ta fita da silifas ɗin ɗaki, ko mayafi babu, ta nufi cocin Saidat Najat. Na bi ta da gudu. Ta tsaya gaban hoton Budurwa Maryamu, ta yi magana da ƙarfi kamar tana yi da maƙwabciya ta kan katanga:

"Ke uwa ce, ni ma uwa ce. Na binne ubansa, na binne uwarsa. Ki roƙa mini a tayar da wannan. In ya tashi, zai bi jerin gwanon Alhamis ɗin Jiki ba takalmi, daga ƙofar nan har a dawo, da kyandir tsawonsa a hannu."

Ga shi ka tashi. Bakance ya hau kanmu, kuma bakance mai daɗi. Da wannan zagaye kakanninmu suka gode wa Allah lokacin da ya ɗauke annoba daga garin nan, bana godiyar gidanmu za ta shiga cikin ta gari. Ranar, wato idin Jikin Almasihu, ta faɗo sha biyar ga Yuni. Ka fara yi wa kawunka maganar hutu tun yanzu.

Har ta kai wa mai kyandir awo. Zanen tsawonka da ta yi a jikin ƙofa ranar da za ka tafi, shi ta auna da zare. Na ce mata yaro ɗan sha tara yana ƙara tsawo, ta ce ba da izininta ba.

Madam Odet ce za ta kawo maka takardar nan, tare da garin kishk na miya da busasshen ɓaure. Kada ka bar kawunka ya cinye ɓauren.

Gwaggonka,
Nuhad

*

Sao Paulo, 9 ga Maris, 1995

Gwaggo Nuhad,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Kaka da duk mutanen layi. Saƙo ya iso, na gode. Jiki da sauƙi, ina cin abinci, har na koma zama a kanti ina yanka wa mutane yadi.

Gwaggo, Kawu bai faɗa muku duka ba, kuma ni na roƙe shi. Ba karaya ba ce. An yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Yanzu ina koyon tafiya da ta roba. In na sa dogon wando da takalmi, ba wanda zai gane sai ɗan ɗingishi. Madam Odet ma a bayan teburin kanti ta same ni, na tashi na gaishe ta, ba ta lura da komai ba.

Amma ba takalmi? Launinta irin na 'yar tsana ne, yatsun a manne suke. Ki tuna ni ne mai jan layin rawar dabke a kowane biki a Rasiye, ni ake ɗagawa a kafaɗa. Ki ce in ratsa Zahle daga wannan gefen kogi zuwa wancan, mata a kan baranda suna nuna ni suna cewa wayyo ɗan Mitri? Na gode wa Allah da ya bar mini rai, da gaske nake. Wannan dai ba zan iya ba.

Abu biyu nake roƙo. Kada Kaka ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sannan ki tambayi limamin cocinmu Abuna Gattas ko akwai hanyar da za a sauke bakancen nan ba tare da na zo ba. Ke kaɗai na iya faɗa wa, don ke ba ki taɓa yi mini dariya ba ko lokacin da nake juya harafi.

Na ba Hawaja Rizƙalla takardar nan, jibi zai taso.

Ɗanki,
Tanyus

*

Zahle, 21 ga Maris, 1995

Ɗana Tanyus,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sanyi ya fara sakinmu, itatuwan almon sun yi fure a hanyar makaranta. Madam Odet ta dawo da garin kofin Brazil ɗin da kawunka ya aiko, kakarka ta ɓoye shi sai ranar da ka zo.

Labarin ƙafarka ya zo mini. Haba Tanyus! Wannan ne abin ɓoyewa? Ɗan wannan abin? Na faɗa wa kakarka nan take, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kakanka ma haka ya yi ta jan ƙafa shekara guda bayan jaki ya take shi, kuma bai fasa zuwa gonar inabi ba. Ta ce in gaya maka takalman Brazil sun lalata maka tafin ƙafa, ka fara yawo a tsakar gida ba takalmi tun yanzu don su yi kauri, kwaltar Yuni ba ta san ɗan gata ba.

Layi kaf an san kana zuwa. Abokinka Nikula mai gidan burodi shi ma zai yi tafiyar ba takalmi, matarsa ta sauka lafiya bayan wahala. Ya ce a gaya maka zai riga ka kaiwa. Ni kuma an sake ba ni 'yan mata masu watsa fure a gaba, ina koya musu tafiya a layi, su kuma suna koya mini haƙuri.

Ka cire kunya, ɗana. Duk Zahle so take ta ga ƙafafun nan biyu a kan titi.

Gwaggonka,
Nuhad

*

Sao Paulo, 18 ga Afrilu, 1995

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Barka da Idin Tashin Almasihu.

Na karanta amsarki. Na rubuto miki an yanke mini ƙafa, kin ce ɗan wannan abin. Na roƙe ki kada Kaka ta ji, kin ce kin faɗa mata nan take har ta yi dariya. Ƙafafu biyun da Zahle ke son gani, ɗaya tana inda asibiti ke kai irinsu.

Ba zan zo ba. Ku ba Nikula kyandir ɗin.

Tanyus

*

Zahle, 7 ga Mayu, 1995

Ɗana, ɗana Tanyus,

Lafiyarmu ƙalau, ina fatan kai ma haka, amma yau gaisuwa ta jira.

Takardarka ta watan Maris ba ta zo hannuna ba sai makon jiya. Hawaja Rizƙalla ya sauka Beirut ya kwanta ciwo a gidan 'yarsa, jakarsa na rufe har bayan Idi. Ita da ta biyun rana ɗaya aka miƙo mini su, kuma ta biyun na fara buɗewa. Lokacin da na rubuta maka wancan shirmen, abin da na sani kawai shi ne abin da Madam Odet ta ce. Kana tsammanin ba ta lura ba? Ta lura. Ta ce kana ɗan ɗingishi kana ɓoyewa a bayan tebur. Ɗingishi na yi wa dariya, ɗana, shi kakarka ta yi wa dariya. Da na karanta ta farkon sai na zauna a kan matakalar makaranta, yara suna wucewa suna gaishe ni.

Na yi abin da ka ce. Na je wurin Abuna Gattas. Ya ce bakancen da wani ya ɗora wa wani ba ya ɗaure wanda bai furta ba, kuma shi da kansa zai sauke wa kakarka, ta kawo mai na fitilar coci a madadinsa. Don haka ka sani, a wajen Allah da wajen coci babu komai a wuyanka.

Sai na je na ce mata aiki ya riƙe ka, ga kuma abin da Abuna ya ce. Tana tsinke ganyen inabi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Da Abuna na yi magana ranar nan?"

"A'a, Inna, amma shi ne..."

"Mai! Ta ba ni yaro, in ba ta mai? To shi ke nan. Bakina ya faɗa, ƙafata za ta biya. Ni zan yi tafiyar."

Ka san abin da likita ya ce game da sukarinta: ko ƙaya kada ta taɓa mata ƙafa, don ciwon ba zai warke ba. Washegari na same ta a tsakar gida ba takalmi, tana kai da komo tsakanin rijiya da itacen lemo, wai tana gwaji. Na yi faɗa, na yi magiya. Sai ta tsaya ta dube ni.

"Nuhad, tun kina 'yar mitsitsiya in za ki yi ƙarya sai kin taɓa kunne. Tun jiya hannunki na kunne. Me ya sami yaron?"

Na karya maka alkawarin da ban samu damar ɗauka ba. Na faɗa mata. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, amma ba zan tsaya ina kallo a yanke ƙafa ta biyu a gidan nan ba.

Ta zauna a bakin rijiya. Ta ce, "Wacce?"

Na ce ta hagu.

"Mai tabon garwashi a diddige." Sai hawaye. "Ni na sa mata magani. Ni na saya mata takalmin farko."

Ta yi kukanta, na yi nawa. Zuciyar da kake tsoron ba za ta ɗauka ba ta ɗauki abin da ya fi wannan tun kafin a haife ka. Da ta share fuska sai ta ce:

"Rai na roƙa. Ban ƙirga mata ƙafafu ba. Ki rubuta masa: in ya zo, ni zan riƙe masa takalmi. In bai zo ba, ke za ki riƙe nawa."

Ga shi na rubuta yadda ta faɗa. Ba wanda ya sani a layi sai mu biyu. Ba zan ce maka mutane ba za su kalla ba, za su kalla, Zahle ce. Ba zan kuma tilasta maka ba. Zan ci gaba da lallashinta har ranar, ko da yake ka san wadda nake lallashi. Abu ɗaya kawai malamarka za ta ƙara: a jerin gwanon nan ban taɓa ganin wanda ya cire takalmi don komai nasa ya cika ba. Kowa da abin da aka bar masa yake godiya.

Gwaggonka mai neman afuwa,
Nuhad

*

Sao Paulo, 2 ga Yuli, 1995

Gwaggo Nuhad,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kaka. Na sauka lafiya, Kawu ya tarye ni. Dungulmin ya yi kumburi bayan tafiyar amma ya saɓe, tafin dama kuwa har yanzu yana saɓa fata.

Kin ce in rubuto miki abin da ya faru a baya, tunda kina can gaba da 'yan matanki, gida kuma ya cika da baƙi har ranar da na taso ba mu samu zama ba. Kafin nan, afuwar da kika nema ni ya kamata in nema. Na karanta takardarki da ciwo a ido, shi ya sa ban ga sunan Madam Odet a samanta ba.

Abin da ban gaya muku ba, na zo da dabara. Mai haɗa ƙafar ya ce an daidaita ta ne da tsinin takalmi, in na cire za ta riƙa jana baya. Sai na ce madalla, ga hujja: zan cire na dama, in bar na hagu. Da aka fito daga coci, ƙararrawa na kaɗawa, masu bakance suna ta miƙa wa 'yan'uwansu takalma, na cire na dama na ba Kaka. Ta sa a jakar cefanenta. Na jira ta miƙo hannu karɓar na biyu. Ba ta miƙo ba. Ta ba ni kyandir, ta ce, "Mu je." Kyandir ɗin kuwa a kunnena ya tsaya. Ta dube shi ta dube ni ta ce, "Wa ya ce ka ƙara?"

Gwaggo, ashe babu abin da ke jan ido kamar mutum da takalmi ɗaya. Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa ta leƙo daga baranda tana yayyafa ruwan wardi, ta ƙwala: "Ɗan Mitri! Ka manta ɗaya!" Wani ya ce a Brazil rabi-rabi ake bakance. Kaka na gefena da jakarta, addu'arta kawai take yi. Na duba ƙafafunta cikin baƙin takalminta na zuwa coci, na tuna a tsakar gida ta yi gwajin cire su saboda ni.

Da muka kai dandalin Midan aka tsaya a gaban teburin da wani gida ya ƙawata a ƙofarsa da hotuna da furanni, Bishof yana sa albarka. Na zauna a bakin dakali na kwance igiyar. Na cire takalmin, na cire safa, na naɗe wandon sau biyu don kada in taka shi.

Waɗanda ke kusa suka yi tsit. Abin da na tsallaka teku ina tsoro ke nan, shirun nan. Wata mata ta kai hannu baki. Sai ga Nikula ya kutso, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya don kwalta ta fara zafi. Ya sunkuya ya kalli ƙafar, ya ɗago ya kalle ni. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ya buɗe baki:

"Maguɗi! Jama'a ku zo ku ga maguɗi! Mu ana gasa mana biyu, shi ɗaya!"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Kaka ta karɓe takalmin daga hannuna ta maka masa a kafaɗa.

"Rufe mana baki, mai ƙona burodi! Uwarka ma a kan jaki ta yi nata bakancen."

"Imm Mitri, ciki gare ta lokacin, cikina!"

"Shi ya sa ka fito da kan jaki. Kama shi ku tashi, an wuce."

Maganar mai haɗa ƙafa gaskiya ce, tana jana baya. Ga furen da 'yan matanki suka zubar, ga kakin kyandir, ga ruwan wardi, titi ya zama santsi. Sau biyu na tafi zan faɗi. Nikula ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hannuna, yana tafe yana mita wai ya yi bakancen mace ɗaya an ɗora masa ƙato. A gangaren gada wani dattijo da ban sani ba ya kama ɗaya gefen, da muka haye ya sake ni ya koma cikin mutane. An kalla, kamar yadda kika ce. Wasu sun yi kuka, wata ta watso mini shinkafa kamar ango. Bayan ɗan lokaci na daina lura, don ina fama da inda zan sa ƙafa, kuma kowa waƙa yake yi.

Da muka komo ƙofar Saidat Najat rana ta take. Bishof ya wuce da Jikin Almasihu, gurasa mai tsarki, a ƙarƙashin laima, mutane na durƙusawa. Ni ba na iya durƙuso da sauri, sai na sunkuyar da kai kawai, ya tsaya ya ɗora mini shi a ka. Kaka ta ja ni har gaban hoton, ta karɓi guntun kyandir ɗin ta kafa a yashi, ta ce da muryar nan tata ta kan katanga:

"Ga shi nan na kawo miki. Yadda kika ba ni shi."

A nan ne na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Kuma ba na baƙin ciki ba ne, Gwaggo.

Wata 'yar tambaya. Da na buɗe akwati a nan, takalmin dama kawai na gani cikin waɗanda na sa ranar. Ki duba mini jakar cefanen Kaka.

Ɗanki,
Tanyus

*

Zahle, 25 ga Yuli, 1995

Ɗana Tanyus,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, zafi ya sauko, inabi ya fara nuna. Sukarin kakarka ya kwanta, ƙafafunta biyu lafiya lau, ko ƙwarzane babu, kuma kai ka san wa za a gode wa bayan Allah. Ka riƙa shafa man zaitun a tafin nan.

Na karanta takardarka sau uku, na karanta wa kakarka sau ɗaya. Ta ce ka rage, wai sau biyu ta maka wa Nikula.

Ni ma ina da nawa guntun. Da muka iso ƙofar coci na juya ina ƙirga 'yan matana, sai na hango ka daga nesa kana hawowa, wando a naɗe, kai a sama. Ƙaramar cikinsu ta ja mini riga ta ce, "Malama, furena ya ƙare, ga wani can yana zuwa." Ta tsuguna ta tattara na ƙasa ta koma da gudu. In ka ji wani ya jefe ka da fure haɗe da tsakuwa, ɗalibata ce.

Batun takalmi, ba ɓata ya yi ba. Yana kan kantar ɗakinta, ƙarƙashin hoton Budurwa, kusa da na ubanka. Na ce ta kawo in ba Madam Odet. Ta ce:

"Ya sayi wani. Ba kanti gare su ba?"

Na ce, "Inna, bakance ai ya sauka, me za ki yi da takalmi ɗaya?"

"Wa ke maganar bakance? Ƙanwar Nikula za ta yi aure baɗi bayan Alhamis ɗin Jiki. Wa zai ja musu layin rawa, shi mai kan jakin? In yana son abinsa ya zo ya karɓa."

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Ta goge shi da mai, ta cusa masa tsohuwar jarida don kada ya lanƙwashe kafin ka zo.

Gwaggonka,
Nuhad